Bututun inci 3 a jikin 504: ƙarin gudu ne ko ƙara kawai?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Kun san Peugeot 504 ɗin nan da mahaifinmu ya bari, haɗin Kaduna, wadda ta yi shekara shida a gindin darbejiya. Na tashe ta, inji lafiya lau, amma salansa ta cinye, daga tsakiya har baya ta zama rariya. Na sayo bututu inci 3, ranar Asabar zan ɗaura da kaina a gida, miƙaƙƙe, babu tukunyar nan ta salansa mai rage ƙara. Ni a wurina salansa shaƙe mota kawai take yi. Ka buɗe mata hanya ta ƙara gudu, ta rage shan mai. Mai ja ya fito.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ja kam ina da shi. Shekara 19 na yi ina jan 504 wagon tsakanin Kano da Jos. Inji yana son a ɗan tare masa iska daga baya. Ka cire tukunya, ka ƙona bawul. Na gani da idona a tasha, ba labari aka ba ni ba.

Nura: Baba, da girmanka, amma wane mai gudu ne yake son a toshe masa hanci?

Oga Mai Walda: Kai Nura, kafin a kai ga hanci, da me za ka ɗaga motar?

Nura: Jak ɗinta yana nan, Oga.

Oga Mai Walda: Jak ɗin canza taya? Shi za ka shiga ƙarƙashinsa kana jijjiga bututu? To ka fara rubuta wasiyya.

Injiniya Bala: Ku bar ni in shiga tsakanin Baba da Nura, don kowa ya kama wani gefe ya saki wani. Baba, Allah ya ƙara girma, inji ba ya son a tare masa hayaki. Duk matsin da ya rage a bututu, fistan ne zai tura shi waje, ƙarfin da ya kamata ya tafi taya kenan. Nan Nura ya yi gaskiya. Inda ya kauce shi ne zaton cewa faɗi shi ne buɗewa. Hayaki ba kamar ruwan famfo yake fita ba, bugu-bugu yake fitowa, silinda ta 1, ta 3, ta 4, ta 2. Kowane bugu in ya wuce da sauri yana barin ɗan zuƙo a bayansa, wannan zuƙon ne ke taya silinda ta gaba kwashe nata hayaƙin. In bututu ya yi faɗi da yawa sai hayaƙin ya yi sanyi, ya rage sauri, zuƙon ya mutu. Injin nan 1971cc ne, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Ko da bututun asali inci 2 ne, komawa inci 3 ya fi ninka hanyar sau biyu. Ka ɗinka wa yaro babbar rigar kakansa kenan.

Baba Direba: To ai maganata kenan, Injiniya, ka dai sa mata boko.

Injiniya Bala: Ba ita ba ce, Baba. Abin da ka gani gaskiya ne, dalilin ne daban. Kafireta ba ta da kwamfutar da za ta gyara awon mai da kanta. In an sauya yadda hayaki ke fita, awon mai da iska yana iya karkata, mai ya yi kaɗan. Wutar da mai ya yi mata kaɗan ta fi zafi, ita ce ke cin bawul a doguwar tafiya. Da sun daidaita kafireta bayan cire tukunyar, da wuya bawul ya ƙone.

Nura: Madalla, sai in daidaita kafireta. Kuma ku tuna 504 ce ta cinye tseren Safari na Kenya a 1975, Ove Andersson ne ya ja ta. Kuna zaton da salansar kamfani ya shiga dajin?

Injiniya Bala: Motar tsere injinta yana can sama yana ihu duk yini, kuma an gyara komai nata don haka. Kai kuma daga Hotoro za ka je Kantin Kwari a giya biyu. A irin wannan juyin, bututu mai faɗi ƙarfin tashi yake rage maka. Za ka ƙara taka totur don ta motsa, man da ka ce za ka rage nan zai tafi.

Sagir: Ni dai ina bayan Nura. Na yi wa tawa haka bara, wallahi ji na yi kamar an sauya mata inji.

Baba Direba: Ka auna, ko kunne ne ya gaya maka?

Sagir: Ban auna ba, amma direba ya san motarsa.

Oga Mai Walda: Sagir, taka ni na yanke mata tsohuwar tukunya, ka manta? Cikinta ya ruguje, tsatsa ta cushe hanya, na girgiza ta kamar buhun gero. Motar da aka cire wa wannan ko bututun rijiya ka sa mata sai ta ji daɗi. Ba faɗin ba ne ya yi aikin.

Sagir: Oga ka tona ni a gaban mutane.

Maman Ilham: Yaya Nura, ni ba ruwana da gudu. A asibiti nake aiki, abin da ke damuna yoyo ne. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin mota ba ta da wari, ba ta da launi, ita ce dai ta janareto da ke kwantar da mutanen gida guda. Jini ya fi kama ta a kan iskar numfashi fiye da sau 200. Motar da ta shekara shida a ajiye, robar but ta bushe, ƙasanta ma wataƙila da huji. In haɗinka bai zauna ba, yaran da ke kujerar baya ne za su fara ciwon kai da gyangyaɗi, kai kana gaba kana jin daɗin ƙara. Kuma don Allah kada ka tayar da ita cikin gareji a rufe.

Baba Direba: 'Yata ta faɗi gaskiya. A wagon in robar ƙofar baya ta mutu, fasinjan layin ƙarshe kafin Saminaka ya fara cewa kansa. Mu da muna cewa rana ce.

Nura: To naji. Amma maganar cewa ba a yi a gida fa? Mahaifinmu a ƙofar gida yake yi mata komai.

Oga Mai Walda: Ban ce ba a yi ba. Ana yi, in za ka ji magana. Ka sami wuri mai siminti, ka sa wa tayoyi waigi, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri. Ban da bulo, bulo fashewa yake ba sallama. Tun daren Juma'a ka jiƙa notocin manifol, wato inda bututun hayaƙi ke haɗuwa da inji, da man kwance tsatsa, da safe ka ƙara. Nan ne kowa ke kuka: noti ya shekara 30 yana shan wuta, ka sa sifana ka danna da ƙarfi, sai ka ji ƙas, ƙusar ta karye a ciki. Aikin awa biyu ya koma na kwana uku. Ka riƙa juya shi kaɗan gaba, kaɗan baya. Sabon gasket, sabbin robobin rataya, kada ka yi tsumulmula a nan. Ka jera komai sako-sako daga gaba zuwa baya, ka tabbatar bai taɓa jiki ko tiyon birki ba, sannan ka ɗaure. In ka tayar, wani ya ɗan toshe bakin bututu da tsumma, kai ka bi haɗi-haɗi da kunne. Inda ke yoyo za ka ji yana tsaki, bayan kwana biyu kuma za ka ga baƙin toka a wurin. Walda kuwa kada ka kuskura, tankin mai a baya yake, kusa da inda za ka yi aiki.

Alhaji Tsoho: Ni maganar daraja nake. Kamfanin Kaduna ya fara haɗa motar nan a 1975, yanzu an daina ta, mai lafiyar jiki sai an tona. Wanda zai saya da tsada asalinta yake nema. Kuma Nura, ka dawo ƙarfe 11 na dare da bututu miƙaƙƙe, mai unguwa zai san sunanka.

Nura: Alhaji ba sayarwa zan yi ba. Kuma har yanzu ban yarda tukunya ba ta rage komai ba.

Injiniya Bala: Tana ragewa, kaɗan, can sama inda ba ka zuwa. Mu yi haka: ka sa bututu daidai da na asali da tukunya mai miƙaƙƙen ciki, ka cika tanki, ka je Zariya ka dawo, ka sake cikawa, ka rubuta lita. Sannan ka sa naka inci 3 ka maimaita. In naka ya ci, man tafiya biyun a kaina.

Nura: Na karɓa. Baba shaida ne.

Baba Direba: Shaida kam, amma a wace mota? Ni ba zan zauna cikin inci 3 har Zariya ba.

Oga Mai Walda: Nura, kawo bututun shago gobe in gani. Akwai mai injin niƙa da ke neman irinsa.