Shawarwari kan haɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako

Da aka tattauna da waɗanda suka daɗe suna haɗa ƙananan jiragen ruwa na ado masu filafilai, waɗanda ake kwaikwayon manyan jirage da su, daga kayan da ake sayarwa a kwali, kusan bakinsu ya zo ɗaya: sabon shiga kada ya fara da kwaikwayon HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila na 1765 mai igwa fiye da 100. Ya fara da kwalekwale.

An fi daɗewa a kan gangar jiki. Ƙashin bayan jirgin ya miƙe sak, haƙarƙarin su zauna daidai kafin gam ya bushe, a goge gefensu da samfefa. Siraran katakon da ake rufe jikin kuwa sai an jiƙa su a ruwan zafi, a lanƙwasa, a rage faɗinsu ta wajen goshi, a riƙa manna ɗaya dama ɗaya hagu don kada jirgin ya karkace.

Wajen gam aka rabu. Wasu na son mai kamawa nan take, amma farin gam na kafintoci ya fi, don yana ba da damar gyara. Zaren igiyoyi a shafa masa kakin zuma, a fara ɗaure na ciki kafin na waje.