Za a kafa sola a gonarmu, amma sai an sare itatuwa

Manomin Gezawa: Assalamu alaikum. Wani mai injin casar shinkafa yana son hayar kadada ɗaya daga gonar gadonmu ya kafa farantan sola. Sharaɗinsa a sare gawo da ɗorawar da ke ciki, wai inuwarsu za ta rufe farantan. Mu yarda?

Injiniya daga Sharaɗa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara tambayarsa kilowat nawa yake buƙata. Tashar sola ta Kumbotso da aka ƙaddamar a 2023 megawat 10 ce (megawat ɗaya kilowat 1,000 ne) a kan kadada 24, wato megawat ɗaya ya ci sama da kadada biyu. In kilowat 100 yake nema, faranti mai wat 550 guda 182 sun ishe shi, kuma rufin kwanon sito babba zai ɗauke su ko mafi yawansu. Haka aka yi a kasuwar Sabon Gari, a kan rufin shaguna aka jera. Ya fara da rufinsa, sannan fako, gona ce ta ƙarshe.

Maganar inuwa gaskiyarsa ce: faranti ɗaya in reshe ya rufe shi, sai ƙarfin layin farantan gaba ɗaya ya faɗi. Amma a Kano faranti kudu yake fuskanta, da karkata kamar digiri 12. Bishiyar da ke can arewa da layukan, da ɗan tazara, ba ta dame shi ba. Na gabas da yamma rage rassa ya ishe su.

Malamar gona, Kabuga: Kada ku taɓa gawon nan, ɗan'uwa. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. A ɗaga farantan mita biyu da rabi zuwa uku, a bar tazara tsakanin layuka. Alayyafo da latas suna yi a ƙarƙashi. Gero da dawa sai a tsakani, don ba sa jure inuwa. Tumaki za su iya kiwo a ciki, awaki kuwa a'a, hawa suke yi su ci waya. A zuba tsakuwa inda ruwan sama ke zuba daga bakin faranti, in ba haka ba ƙasa za ta zaizaye.

Dattijon Kurna: Ku yi a rubuce, gaban dagaci, duk magada su sa hannu. A faɗi shekarun haya, da cewa ba za a kankare ƙasar sama da katafila ba, kuma shi zai tone kankaren ginshiƙansa ranar tashi. In yana son rijiyar burtsatse don wanke ƙurar hunturu, ku sa a takarda cewa ku ma za ku yi ban-ruwa da ita.