Idan Bature ya ce "ƙila za ka so ka sake dubawa": gogewarmu da sakaya magana a Turancin yau da kullum

Ɗalibin digiri na uku, arewacin Ingila

Assalamu alaikum. Na kawo wannan magana ne domin in ji daga bakin waɗanda suka riga ni zama cikin masu Turanci, saboda abin da ya same ni ya nuna mini cewa cin jarrabawar ƙwarewar Turanci ta IELTS da maki mai kyau bai isa ya sa mutum ya gane abin da ake gaya masa ba. A shekarata ta farko na miƙa wa malamin da ke duba aikina babi na biyu, ya dawo mini da shi da rubutu kaɗan a gefe. A wani wuri ya rubuta "You may want to consider restructuring this section", wato ƙila zan so in yi tunanin sake tsara sashen. Na ɗauke ta shawara ce da aka bar mini zaɓi a kanta, na yi tunanin kamar yadda aka ce, na ga tsarina ya yi mini, na bar shi yadda yake.

Bayan mako uku muka zauna, ya tambaye ni cikin fara'a ko na samu sukunin duba abin da ya rubuta. Na ce na duba, kuma ina ganin sashen ba shi da matsala. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce to, abin sha'awa ne, muka wuce wani batu. Sai da wata Baturiya da muke ofis ɗaya ta ji labarin ta riƙe baki, ta ce mini abin da malamin ya rubuta umarni ne, ma'anarsa sashen bai yi ba, in rushe shi in sake ginawa, kuma "abin sha'awa ne" da ya faɗa ba yabo ba ne ko kaɗan. Kusan wata guda na yi asara a kan jimla ɗaya. Ina roƙon duk wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi ya ba mu labari, musamman yadda ya gano bakin zaren.

Ma'aikaciyar jinya, Manchesta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kai ka kasa jin umarnin da aka lulluɓe maka, ni kuwa laifina shi ne na ba da umarni tsirara. A watana na biyu a asibiti na ce wa wata mataimakiya ta kawo mini fayil ɗin marar lafiyar da ke gado na shida, da Turanci daidai wanda ba wanda zai ce akwai kuskure a nahawunsa. Washegari shugabar sashe ta kira ni ofis, ta yi ta kewaye-kewaye har na kusa tambayarta abin da ya kawo ni, kafin na gane cewa an kai ƙarata ne a kan ina magana da mutane kamar bayina. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, domin da safiyar ranar na gaishe da matar gaisuwa mai kyau, na tambayi 'ya'yanta da mai gidanta. A wurinmu wanda ka gaisa da shi haka ka riga ka biya haƙƙin ladabi, idan ka ce masa "miƙo mini kaza" daga baya ba zai ji komai ba. Su kuwa gaisuwarsu gajera ce, amma kowace buƙata sai an yi mata nata ladabin daban, kuma ladabin yana cikin ginin jimlar kanta. Yanzu sai in ce "Could you possibly bring me the file when you have a minute?", wato ko zai yiwu ta kawo idan ta samu ɗan lokaci, alhali ni da ita mun san yanzu nake so.

Akwai kuma "sorry". Wata tsohuwa ta yar da kofin shayinta, na ce mata sorry kamar yadda zan ce sannu, sai ta dube ni ta ce ai ba laifina ba ne. Turancinmu na Najeriya ya ɗora wa wannan kalma nauyin sannu, nasu bai yi haka ba a ƙananan abubuwa irin tuntuɓe da ƙwarewa, ko da yake suna faɗinta a ta'aziyya.

Abin da ya fi ba ni tsoro dai shi ne marasa lafiya, musamman tsofaffin maza. Wani dattijo ya ce mini yana jin "a bit uncomfortable", wato ɗan rashin sakewa, har na kusa gyara masa matashi in wuce, sai na lura gumi na keto masa. Da na ce ya ba ciwon lamba daga sifili zuwa goma, sai ya ce takwas, ya kuma ba ni haƙuri a kan ya dame ni. Tun daga ranar ban ƙara dogara da kalmomin irin waɗannan dattawa ba, lambar nake tambaya, in kuma dubi fuska.

Direban tasi, Yokshaya a Ingila

Ni tawa ba ta kai ta Malama ma'aikaciyar jinya nauyi ba. Makona na farko duk fasinjan da ya shigo sai ya ce "You all right?", wato lafiya kake kuwa, har na fara duba fuskata a madubi ina zaton rashin lafiya ta bayyana a jikina. Wani na tsaya ina yi masa bayanin cewa mura ce kawai da sanyin garinsu, ya yi ta kallon taga. Ashe gaisuwa ce, amsarta ita ce ka ce lafiya ka mayar masa da tambayar, ko da gidanka ne ke cin wuta. Haka kuma ranar da wata dattijuwa ta kira ni "love", wato masoyi, na rasa inda zan sa kaina don kunya, sai daga baya na ji mai sayar da burodi yana kiran kowa da haka.

Malamin Turanci mai ritaya, Zariya

Na karanta labaranku, kuma wani ɓangare na laifin namu ne da muka koyar da ku. Shekara talatin da ɗoriya ina koyar da "could" da "would" a matsayin shuɗaɗɗen lokaci na "can" da "will", domin abin da jarrabawa ke tambaya ke nan, ban cika tsayawa na nuna wa ɗalibai cewa a bakin Bature aikinsu mafi yawa shi ne ja da baya daga wanda ake roƙo ba. Yana mayar da buƙatarsa tambaya, sa'an nan ya tura ta can baya kamar tsohon tunani ne da ya taɓa zo masa, shi ya sa za ku ji ya ce "I was wondering if", wato da ma ina tunanin ko, a kan abin da yake so a wannan minti. Manufar ita ce a bar wa mutum ƙofar ƙi a buɗe, ko da kowa ya san ba zai bi ta cikinta ba. Masanin falsafar harshe John Searle ya yi rubutu a kan wannan a 1975, da misalin mai cin abinci da ke tambayar na kusa da shi ko zai iya miƙo gishiri, wanda ba ƙarfin hannunsa yake tambaya ba.

Ku kuma tuna cewa Turanci ba shi da abin da muke yi da "ku" idan muna magana da babba. A da yana da "thou" na mutum ɗaya da na ƙasa da kai, da "you" na jam'i da girmamawa, amma tun wajen ƙarni na 17 na farkon ya fita daga daidaitaccen harshe, ya zama sarki da yaron gida duk "you" ne. Ba su da ranka ya daɗe a maganar yau da kullum, ba sa durƙusawa, har shugaban wurin aiki da sunansa na yanka suke kiransa. Girmamawar da ba ta samu wurin zama a wakilin suna da laƙabi ba sai ta koma cikin fi'ili.

Sai dai ban yarda da masu cewa mu Hausawa ba mu san wannan salo ba. Wanda ya iske ka kana cin abinci ka ce masa bismilla, ya ce alhamdu lillahi ya wuce, shin ya ɗauka da gaske kake kiransa? Wanda ya je neman alfarma wurin babban mutum aka ce masa za a duba, ko a ce sai an neme shi, ai ya san amsar tun kafin ya sa takalmi. Uban da aka zo neman auren 'yarsa ba ya cewa ba zai ba da ita ba, yakan ce an riga an yi mata miji. Ɗalibinmu na Ingila da a Hausa malaminsa ya ce masa "da dai ka ƙara dubawa", da ranar zai kwana yana gyara. Kunnen yana nan, ba mu dai saba kunna shi ba idan ana Turanci, domin a aji muka koye shi a matsayin harshen da ke faɗin abu kai tsaye.

Tun da an ambaci rage girman abu, ga misalin da nakan ba ɗalibai. Ranar 24 ga Yunin 1982 wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a sararin Indunusiya, injinansa huɗu duka suka mutu. Matuƙin, Eric Moody, ya sanar da fasinjoji cewa suna da 'yar ƙaramar matsala, injina huɗun sun tsaya, suna iyakar ƙoƙarinsu su tayar da su, kuma yana fata ba su shiga damuwa sosai ba. Injinan sun tashi daga baya, jirgin ya sauka lafiya a Jakarta.

Injiniya, Texas

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, na amfana da bayaninku, amma ina neman izinin in saɓa muku kaɗan. Matuƙin jirgin ya yi daidai domin fasinja ba shi da abin da zai yi illa ya natsu. Idan kuwa wanda ake gaya wa shi ne zai ɗauki mataki, wannan salo yana iya jawo asara. Ana ba da labarin yaƙin kogin Imjin a Koriya cikin Afrilun 1951, inda Birgediya Tom Brodie na Birtaniya ya shaida wa janar ɗin Amurka da ke sama da shi cewa al'amura sun zama "a bit sticky", wato sun ɗan yi danƙo. Ba'amurken ya fahimci cewa ana iya jurewa, alhali sojojin Sin ne suka yi wa bataliyar Gloucestershire zobe, kuma a ƙarshe akasarin mutanenta fursunonin yaƙi suka zama. Duka biyun da Turanci aka haife su, amma ba su ji juna ba.

Don haka kada wanda zai zo Amurka ya ɗauko darasin Ingila ya ce ya gama. A nan matsalar ta juya: komai ƙanƙantar aiki sai a ce maka "awesome", wato abin ban mamaki ne. Rahotona na farko haka aka ce masa, na kira gida na ba da labari, daga baya na ji ana faɗa wa wanda ya kawo kofi kalmar nan. Manajana yakan fara da yabo, ya sa gyaran a tsakiya, ya rufe da wani yabon, kuma na ɗauki lokaci kafin na gane cewa na tsakiyar ne dalilin kiran. Ko "quite good" ma, a bakin Ba'amurke yabo ne sosai, a bakin ɗan Ingila sau da yawa ma'anarsa da dama-dama. Abu ɗaya da ya yi mini daɗi a Texas shi ne "sir" da "ma'am" suna da rai, yara ma suna faɗa wa manya, don haka ban sha wahalar da 'yan'uwanmu na Landan ke sha ta kiran sa'an mahaifinsu da gatsal ɗin sunansa ba.

Uwargida, Toronto a Kanada

Ni kara ce ta kwana da ni da yunwa. Maƙwabciyarmu ta gayyace mu gidanta da yamma, ta tambaye ni ko zan ci wani abu, na ce a'a na gode, ina jiran ta sake tayi sau biyu kamar yadda ake yi kafin baƙo ya miƙa hannu. Sai ta ce to, idan na canja ra'ayi in gaya mata, ta zauna ta ci nata. A wurinta matsa wa baƙo shi ne rashin ladabi, domin ta ɗauki maganata da daraja. Mai gidana, da ya riga ni zuwa da shekara huɗu, ya cika farantinsa yana satar kallona yana murmushi.

Akasin haka kuma ya faru da wata uwar da 'ya'yanmu ke makaranta ɗaya, wadda ta ce lallai wata rana mu sha kofi tare. Na tambaye ta wace rana, sai ta fara lalube a waya tana cewa za ta turo saƙo, wanda har yau bai iso ba. Yanzu ma'aunina shi ne, gayyatar da ba ta zo da rana da lokaci ba bismillar mai cin abinci ce.

Game da "sorry" da Yaya ta Manchesta ta ambata, a nan ko kai ka taka mutum shi zai riga ka faɗa. A lardinmu na Ontario har doka aka yi a 2009 da ta ce ba da haƙuri ba ya zama amsa laifi a shari'ar diyya, wanda ya kwantar mini da hankali ranar da wata mota ta goge tamu a wurin ajiye motoci, na fito ina ta jera wa matar sorry alhali ita ce ta yi baya ba ta duba ba.

Ɗalibin digiri na uku, arewacin Ingila

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na rushe sashen na sake gina shi, kuma jiya malamin ya dawo mini da babin. A ƙarshen shafi ya rubuta "Not bad at all", wato ba laifi ko kaɗan, sa'an nan a ƙasa ya ƙara cewa yana da 'yan ƙananan abubuwa biyu ko uku da za mu tattauna idan na samu lokaci. Baba Malam, ta farkon na gane yabo ne, har na yi hamdala. Ta biyun ce ta hana ni barci, domin ya ware mana awa biyu ranar Talata.