Mai shan jini a sansanin fursunonin yaƙi: ta ina zan kama labarin?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum manya. Ina haɗa labarin zane na ban tsoro, baƙi da fari, shafi 22. Wani soja Bahaushe aka kama a Yaƙin Duniya na Biyu, aka jefa shi sansanin fursunoni, sai 'yan ɗakinsu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda akwai mai shan jini a wurin, irin na Turawa mai fiƙoƙi. Niyyata in sa shi cikin waɗanda Japanawa suka tilasta wa shimfiɗa layin dogo na Bama. Wurin ya dace kuwa? Kuma ya zan yi dodon ya ba da tsoro, tunda sansanin kansa ya isa abin tsoro? A nan Katsina zan buga, kwafi kaɗan.

Malam Na-Gobarau:

Wa alaikumus salam. Ɗana, cire shi daga layin dogon nan, lissafin shekaru ba zai yarda ba. An gama layin da ya haɗa Tailan da Bama, mai tsawon kilomita 415, a watan Oktoba na 1943. Sojojinmu na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma kuwa sai a ƙarshen shekarar suka nufi kwarin Kaladan da ke ƙasar Bama, Runduna ta 82 ma daga baya ta iso. Duk jikan tsohon sojan Bama da ya san tarihi zai kama ka a shafin farko.

Ga inda ya fi: ka mai da shi mutumin Maraɗi ko Damagaram, sojan Faransa. A watan Yuni na 1940 Jamusawa sun kama sojojin Afirka masu yawa, amma galibinsu ba a bar su a Jamus ba. A cikin Faransa aka tsare su, a sansanonin da ake kira Frontstalag, saboda wariyar launin fata da tsoron cututtukan ƙasashen zafi. Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal, ya zauna a irin wannan sansani a Poitiers. Ana fitar da su aikin gona da saran itace, kuma tarin fuka ya yi musu ɓarna sosai. Wannan ciwon shi ne mafakar dodonka: rama, dusashewar fata, tari da jini a kan bargo. Likitan sansani zai rubuta tarin fuka ya wuce abinsa. Ko a Amurka a ƙarni na 19 mutanen karkara sun sha tone kaburburan waɗanda tarin fuka ya kashe bisa zargin su ke tsotse 'yan uwansu.

Ka kuma lura da dare. A arewacin Faransa daren Disamba yakan kai kusan awa 16, na Yuni kusan 8. Mutumin da ya saba da daren Maraɗi, wannan kaɗai ya isa ya rikita shi. Fara labarin da shigowar hunturu.

Anti Mai Allura:

Ƙanena, kuskuren da ake yawan yi shi ne dodon ya kashe mutum guda kowane dare. Kafin sati biyu an gane, labari ya ƙare. Yi lissafi. Jikin baligi yana ɗauke da jini wajen lita 5. In aka ɗebi rabin lita, mai lafiya zai tashi da jiri kawai, amma jikinsa na buƙatar makonni kafin ya mayar. In ya rasa kusan lita 2 a lokaci guda, rai na cikin haɗari. To dodo mai wayo zai riƙa shan rabin lita yana zagayawa. Ɗaki mai mutum 60, kowa sau ɗaya a wata biyu. Kiwo yake yi ke nan. Inda abin zai ɓace masa: mutanen da ke rayuwa a kan romon kabeji da guntun burodi ba sa mayar da jini, don haka a zagaye na biyu za su fara faɗuwa ko bai so ba.

Amma ni a ganina abin tsoron yana wurin ƙidaya. Safe da yamma ana jera fursunoni a fili a ƙirga su, in lamba ba ta cika ba kowa ya tsaya cikin sanyi har a gano. Ka juya abin. An binne mutum jiya, ya kamata a samu 59, sai mai gadi ya ƙirga 60. Ya sake, 60. Shi mai gadi bai damu ba, littafinsa ya cika. Su da ke cikin sahu ne suka san akwai wanda bai kamata ya tsaya nan ba. Zana wannan a gida shida, wato akwatunan zane, masu girma ɗaya, ƙafafu kaɗai, sai a gida na ƙarshe a ga ƙafa ɗaya ba takalmi a kan ƙanƙara, kuma ba ta rawar sanyi.

A camfin gabashin Turai ana watsa ƙwayar hatsi a bakin kabari, wai dole gawar ta tsaya ƙirgawa har gari ya waye. Fursuna mai aikin gona zai iya sato alkama tafi guda a aljihu. Mai jin yunwa ya zubar da abinci a ƙasa, ka ga rigima ta tashi a ɗaki ba sai ka ƙirƙiro ba.

Kada dai ka ɗora wa dodon duk mace-macen. Yunwa da duka mutane ne suka yi su, a bar musu kayansu.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode Malam, na gode Anti. To in na mai da shi maye fa, don mutanenmu su fi ganewa?

Malam Na-Gobarau:

A'a. Maye kurwa yake kamawa, yana da rai, kuma maganinsa a camfinmu a sa shi ya tsallake wanda ya kama. Wancan kuwa gawa ce. Kuma in ka rubuta 'yan shan jini, tunanin mai karatu zai tafi wurin masu tsafin kuɗi. Bar fursunonin su fara zargin maita a tsakaninsu, su sa wani bawan Allah ya tsallake majinyaci, abin ya ƙi. Dodon ya zama ɗan ƙasar Faransa ne, kada ka tayar da gawar Musulmi daga likkafani, masu karatu ba za su karɓa ba. Wanda ya cika sahu ya zama 60 ɗin, shi ne sanye da rigar mamacin.

Baba Mai Injin Daura:

Yaro, 22 ba za ta ɗinku ba. Littafin da ake naɗewa a buga masa ƙusa a tsakiya, shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya, sai 20 ko 24. Yi 24. Zana a takardar A4 a rage zuwa A5, wato kashi 71 cikin 100, don haka rubutun da ya yi daidai a idonka yanzu zai ƙanƙance. Gwada shafi ɗaya tukuna.

Labarin dare baƙi yake ci. A takarda mai nauyin giram 70 baƙin zai leƙo ta baya ya ɓata fuskokin ɗaya shafin, nemi 80. Kada ka yi inuwa da shafa fensir, injin hoto yana mai da ita dabbare-dabbare. Yi ta da layukan tawada, ka ɗauki hoton zanen a ɗigo 600 a kowane inci, baƙi da fari zalla. Waya mai ƙaya kada ka yi ta da siririn alƙalami, bayan ragewa ɓacewa take. Bar tazarar santimita ɗaya a gefuna don wuƙar yanka.

Yawancin haruffan kwamfuta na zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma. Rubuta maganganun da hannu, kuma ka rubuta su kafin ka zagaye su, Hausa tana cin wuri. Ƙafar nan da Antinka ta faɗa, ni da zan ba da shawara a ɗauke ta daga gida na shida a kai ta saman shafi mai lamba cika, na hagu, don sai an juya takarda a gan ta. In ta faɗo a na dama, ido zai riga karatu isa wurin.