Ganyen kalatiyata na ƙonewa tun shigowar hunturu

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka mini. Ina da shukar ado a falona a nan Gombe, kalatiya, 'yar asalin dazuzzukan Kudancin Amurka masu danshi. Da damina lafiya lau take. Tun da hunturu ya shigo gefen ganyenta ke ƙonewa yana naɗewa. Na ƙara mata ruwa, sai ganyen ƙasa suka koma rawaya, ƙasar tukunyar kuma ta ƙi bushewa. Ruwan burtsatse nake ba ta, har wani fari-fari kamar gishiri ya taru a bakin tukunyar.

Bushewar iska ce, ko saiwar ce ta fara ruɓewa? In tuge ta in duba, ko hakan zai ƙarasa ta? Yayata ce ta ba ni ita, ba na so ta mutu.