Daga Illela zuwa Konni: abin da muka gani tun da ECOWAS ta raba gari da Nijar

Malamin Tarihi, Mabera:

Assalamu alaikum. Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata, nake jin masana a rediyo suna fashin baƙi kan makomar ƙungiyar, amma da wuya a tambayi mu mutanen Sakkwato da abin ya faɗa wa a ka. Ƙungiyar nan da aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Eyadema na Togo, ita ce ta amince a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa zai shiga ƙasar maƙwabcinsa ba tare da biza ba har kwana 90. Ina roƙon duk wanda ya ga wani abu da idonsa, daga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 zuwa yau, ya ba mu labari. Nawa kaɗan ne: ɗalibaina uku 'yan Konni sun rasa zangon karatu guda cur.

Alhaji Mai Albasa, Gada:

Wa alaikumus salam, Malam. Ranar 30 ga Yuli da shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ina da tirela ɗauke da albasa wadda za ta bi ta Nijar da Burkina zuwa Kumasi. A bakin iyakar Illela ta tsaya, damina kuma ta sauka sosai. Wanda ya san albasa ya san ba ta jiran taron shugabanni. A kwana na tara na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar, na ga baƙin ruwa yana ɗiga daga katako, ƙudaje sun yi dandazo, direbana kuma ya koma kwana a rumfar mai shayi saboda wari. Da muka sauke buhunan, na sama sun yi tsiro, na ƙasa sun zama kunu. Abin da muka tsince bai biya kuɗin mota ba.

Amma ina so a tuna cewa wannan ba shi ne karon farko ba. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta ita kaɗai saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020, kuma ban ji an sa wa kowa takunkumi a kan karya yarjejeniyar zirga-zirga ba. Ko a lokacin da iyaka take buɗe, tsakanin nan da Ghana sai ka gaji da ƙirga shingaye, kowane shinge kuma da abin da za ka ajiye, ko takardunka sun cika ko ba su cika ba. Saboda haka idan an ce mini kasuwar bai ɗaya, sai in ce a takarda na san ta.

Hajiya, Gidan Igwai:

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ni ɗiyata ce take aure a Konni, ta haihu a watan Satumban 2023. Uwa ba ta jin labarin haihuwar fari ta zauna, don haka na hau kabu-kabu daga bayan Illela, muka ratsa gonakin gero, ganye yana marin fuskata, ina rungume da ƙullin yaji da kayan jariri. Tafiyar da a da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai da na biya ninkin kuɗinta sau huɗu. Na tarar da su cikin duhu, domin an yanke wutar da ke zuwa musu daga Najeriya, surukina kuma yana yawon neman ƙanƙara saboda allurar ciwon sukarin mahaifinsa. Tsohon nan bai san hamɓararren Shugaba Bazoum ba, bai san Janar Tchiani da ya kifar da shi ba.

Da na ji an tura Mai Alfarma Sarkin Musulmi tare da Janar Abdulsalami zuwa Yamai, hankalina ya ɗan kwanta, don Sarkin ya san ba baƙi ba ne a ƙetaren can. Shehu Ɗanfodiyo kansa a Maratta aka haife shi, garin da yau yake cikin Nijar.

Tsohon Soja, Gwiwa:

Hajiya, ban musanta ko kalma ɗaya ba, amma bari in faɗi alherin ƙungiyar tunda na ci ƙurarta. Ina cikin dakarun ƙungiyar, wato ECOMOG, da suka kori sojoji daga mulki a Freetown a 1998 aka mayar da Shugaba Tejan Kabbah, kuma na ga tsofaffin mata suna shimfiɗa zannuwansu a kan titi don motocinmu su taka. A Janairun 2017 ma barazanar dakarun ƙungiyar ce ta sa Yahya Jammeh ya bar Gambiya ba a yi yaƙi ba. To wannan nasarar ce ta ruɗe su, suka ɗauka wa'adin mako guda da suka ba sojojin Nijar su mayar da Bazoum zai yi aiki a Yamai. Da na ji an ba da umarnin shirya dakarun ko-ta-kwana ranar 10 ga Agustan 2023, sai na tambayi kaina ta ina za a bi, in ba ta Illela da Jibiya da Maigatari ba, kuma gidan wa harsashi zai faɗa. Majalisar Dattawa ta yi daidai da ta ƙi goyon bayan yaƙin.

Inda ƙungiyar ta zubar da girmanta a wurina shi ne 2020, lokacin da Alpha Condé na Gini da Ouattara na Kodebuwa suka zarce wa'adi na uku, ba ta ɗauki wani mataki ba. Wanda ya kawar da kai ga mai murɗe tsarin mulki da alƙalami, da wane baki zai tsawata wa mai murɗe shi da bindiga? Yanzu ga 'yan bindigar Lakurawa a Tangaza da Gudu suna shiga suna fita, alhali sojojin da ya kamata su tare su daga gefe biyu suna kallon juna da zargi.

Ɗalibi Ɗan Tawa:

Baba, na gode da adalcinka. Ina gida hutu lokacin, kuma abin da mutanenmu suka gani shi ne hannun Faransa a bayan wa'adin nan, ko da gaske ne ko ba gaske ba. Har waɗanda ba su so juyin mulkin ba sun koma bayan sojoji ranar da wuta ta ɗauke, tunda kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga Najeriya yake zuwa. Kafin a ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, ƙasashen uku sun riga sun ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a Satumban 2023, sun kuma sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairu. Sojojin Faransa sun fita a Disambar 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024, masu horarwa daga Rasha sun iso. Ba zan ɓoye muku ba, mahaifiyata ba ta ga sauƙi a kasuwa ba, domin kayan da a da suke zuwa daga tashar Kwatano ta Gaya sun koma zagayowa daga Lome ta Burkina da rakiyar sojoji, kuɗin zagayen kuma a kan mudun shinkafa yake sauka.

Ɗan Canji, Illela:

Ni dariya nake yi idan aka ambaci kuɗin bai ɗaya na Eco, wanda aka yi ta ɗagawa har aka kai shi 2027. Sefa tana ɗaure da Yuro a kan sefa 655.957 ga Yuro ɗaya, Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi ta gangarawa, har jika ɗaya ta sefa ta ninka abin da take saye a teburina cikin 'yan watanni. Shi ya sa da Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris na 2024, mutanen Konni suka riƙa kwasar kaya a kasuwarmu kamar kyauta, mu kuma ragon Adar ya gagare mu.

Ɗalibi, ƙanena, ga tambaya: da ka dawo makaranta bayan ficewar, wace takarda ka nuna a iyaka?

Ɗalibi Ɗan Tawa:

Yaya, tsohon fasfona mai tambarin CEDEAO, wato ECOWAS da Faransanci, na miƙa, domin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanenmu har sai an sanar da wani abu dabam. Jami'in ya juya shi, ya dubi hoton, ya tambaye ni ko ni jikan wane ne na unguwarmu a Tawa. Ashe kakarsa 'yar can ce. Ya buga hatimi, ya ce in gaishe da mutanen gida idan na yi waya.