Wace kalma za mu sa wa "giya reshiyo"?

Jama'a masu harkar mota, ku taya ni. Jiya a garejin maigidana kusa da Tashar Dukku a Gombe, ya kwance giyabos ɗin wata tsohuwar Golf, haƙora baje a kan buhu, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce wa yara "reshiyo", suka yi tsuru-tsuru. Abin ya tsaya min a rai.

Ga ma'anar. Faifai mai haƙora 10 ne ke juya mai haƙora 35. Kafin babban ya zagaya sau ɗaya, ƙaramin ya zagaya sau uku da rabi. Shi ne 3.5 zuwa 1, kusan yadda giya ta ɗaya take a ƙananan motoci masu giyar hannu: ƙarfin ja sosai, gudu kaɗan. Ta biyar kuwa takan sauka wajen 0.8 zuwa 1.

Wani ya kawo "rabon giya". Ban yarda ba. Wanda bai san mota ba, hankalinsa zai tafi wata giyar daban, kuma ba rabo ake yi ba. Wani malaminmu ya ce "nisba", daga Larabci. Daidai take, sai dai yaron gareji ba zai kama ta ba. "Ƙidayar haƙora" ta tsaya a kan ƙarfe, ta bar aikin.

Ni tawa ita ce awon juyi: juyin inji nawa ke ba da juyi ɗaya a sandar da ke fita daga giyabos. Ku gwada ta a baki. "Giya ta ɗaya awon juyinta babba ne, shi ya sa take shan mai." Ta zauna.

Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan magana ta shafi aljihu. Direban da ya miƙe hanyar Bauchi ta Alkaleri a giya ta uku, inji na kuka, fetur yake ƙonawa a banza. Ya saka ta biyar juyi ya ragu, mai ya yi auki. Amma a hawan Tula, in ka nace wa ta biyar, mota ta dinga kakkarwa, ka danne totur har ƙasa, ba tsimin da ka yi, inji kawai ka wahalar. Nan babban awo ake so, ka sauko ta biyu.

Makanikan Bauchi, ku me kuke ce masa a garejinku? In akwai tsohuwar kalma, zan janye tawa.